Ƙara Biyu Bayan Sallar Juma'a

Juma'a, 7 ga Oktoba, 2022

Ƙara biyu. Alhamdu lillahi.

Ƙarfe biyu da kwata ta shigo, muna tsakar gida muna ɓarar gyaɗa. Inna ta ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota, na yi tsit. Ɗaya. Biyu. Ta katse. Inna ta shafa fuska ta ce, "Yana nan," ta ci gaba da ɓara.

Sabon littafi ne wannan, bari in fara daga farko. Sunana Kubra, shekarata sha huɗu. Ni da Inna muke zaune a Dar Salam, ƙarshen Omdurman, a Sudan. Bara na gama firamare, ban ci gaba ba. Ina rubuta Hausa da baƙaƙen Larabci yadda Baba ya koya mini kafin ya rasu.

Yaya Hadi yana arewa wajen haƙar zinariya, wata goma sha huɗu ke nan. An sace masa waya tun makon farko, ya ƙi sayen wata, wai duk abin da ya samu na gina ɗakin Inna ne da ruwa ya rushe. Sai ya ari wayar wani bayan sallar Juma'a, ya buga mana ya katse. Ƙara biyu, lafiya lau. Ƙara uku, ku kira ni. Ba a ɗauka, don in an ɗauka kuɗin mai wayar ne zai tafi, gobe ba zai ba da aro ba. Yaya bai taɓa yin uku ba.

Lambarmu kaɗai ce a kansa. Ƙarshenta bakwai ne guda uku a jere, yana rera ta kamar waƙa tun yana yaro.

Duk lambar da ya kira da ita ina rubuta ta a bayan littafi. Ban san dalili ba. Na kwaso na tsohon littafin ma.

Talata, 11 ga Oktoba

Saƙo ya shigo daga kamfanin waya, ƙarfe goma da minti arba'in na safe. Dogo. Na kwafe shi a ƙasan shafin nan da Larabcinsa, don kada hannuna ya manta rubutu. Abin da na gane: sun canza tsari. Daga ranar ashirin ga wata, layin da ya yi kwana sittin ba a sa masa kati ba za a tsayar da shi, bayan wata guda kuma a sayar da lambar.

Mu rabonmu da sa kati tun Babbar Sallah, da Inna ta gaida 'yan'uwa a Jazira. Wa za mu kira? Mu masu jira ne.

Amma ban tabbata da mu ake ba. Kullum suna turo saƙo, sayi waƙa, shiga gasa. Wayar ta cika, tana neman a goge wani abu. Saƙon Yaya guda ɗaya ne a ciki, wanda ya ce ya isa lafiya, shi ba zan taɓa shi ba. Sai na goge na kamfanin.

Inna ta dawo daga kasuwar Suk Libya ranta a ɓace, gawayi ya ƙara tsada, rabin gyaɗar bai fita ba. Ban faɗa mata ba. Na ce bari in tambayi Abdulmajid mai teburin waya tukuna. Na je har bakin teburin, sai na tarar da maza huɗu suna gardamar ƙwallo. Ɗaya ya juyo ya kalle ni. Harshena ya yi nauyi kamar kullum. Na yi kamar hanya nake wucewa.

Gobe.

Laraba, 12 ga Oktoba

Ban je ba.

Juma'a, 14 ga Oktoba

Ƙara biyu. To ai ga shi layin yana aiki. Talla ce kawai.

Alhamis, 20 ga Oktoba

Sandunan nan da ke saman wayar sun ɓace. Na kashe na kunna. Na ciro shariha, wato sim ɗin, na goge ta da bakin mayafi na mayar. Inna ta ce sabis ne, ya saba.

Ban ci abinci ba.

Juma'a, 21 ga Oktoba

Inna ta ɗora wayar a kan tray kamar kullum. Ƙarfe biyu. Biyu da rabi. Uku. Ta ce in kai ta kan katanga, can ta fi kama sabis. Na kai. Na tsaya a rana ina riƙe da ita sama, alhali na san babu abin da zai shigo.

Har aka kira la'asar ba ta ɓare gyaɗa ko ɗaya ba.

Asabar, 22 ga Oktoba

Inna ta ja ni wajen Abdulmajid. Ya kankare kati ya gwada sau uku, ya ƙi shiga. Ya ce, "Hajja Mariyamu, sun yanke. Tun jiya ke ce ta bakwai da ta zo mini da wannan. Sai ofishinsu, kuma sai da mai layin da katin shaidarsa."

Inna ta ce, "Ni ce mai layin."

"Da sunanki aka yi rajista?"

 Inna ba ta da lambar shaidar ɗan ƙasa. Duk zuwan da ta yi nemanta sai a ce ta kawo shaidar kakanta, kakan da aka haifa a Jazira ya mutu cikin gonar auduga. Shi ya sa Baba Salih, abokin Baba mai kanti a layinmu a da, ya yi mana rajistar da sunansa. Shekara uku ke nan da ya koma wajen ɗansa a Alhilla Kuku.

Na nuna wa Inna lambobin bayan littafi. Abdulmajid ya gwada biyu na ƙarshe da wayarsa. Ɗaya a kashe. Ɗayan ya ce, "Hadi Ibrahimu wane? Mutum ɗari ne ke aron wayata," ya katse. Abdulmajid ya ce ma'alesh, mu yi haƙuri, kuɗin wayarsa ba ruwan Nilu ba ne.

Sha tara ga watan gobe za su sayar da ita. Ya ƙirga mana da yatsu.

Litinin, 24 ga Oktoba

Ofishin kamfani, cikin kasuwar Omdurman. Sanyi kamar cikin firij. Mun ɗauki takarda mai lamba, mun zauna tun hantsi har azahar.

Saurayin da ke bayan gilas bai ɗago kai ba. Ya ce an turo wa kowa sanarwa tun ashirin ga Satumba, kwana talatin cif kamar yadda ƙa'ida ta ce. Inna ta ce ita ba ta ga komai ba. Ya ce, "Sistim ne, ya Hajja, sistim ba ya ƙarya. Sayi sabon layi mana, ga shi da araha."

Inna ta ce, "Ɗana bai san sabo ba."

Ya ce, "Ki faɗa masa."

"Ta ina?"

Ya danna ƙararrawa, na baya ya matso.

Ina tsaye a bayan Inna. Na san ba Satumba ba ne. Maganar ta zo har maƙogwarona. In na faɗa, Inna za ta san na gani na ɓoye.

Talata, 25 ga Oktoba

An rufe gadojin shiga Khartoum yau saboda zanga-zanga. Ba inda za a je.

Juma'a, 28 ga Oktoba

Juma'a ta biyu.

Ina ta tunanin sa yana tsaye riƙe da wayar wani, matar nan ta kamfani tana gaya masa wannan lamba ba ta aiki. Me zai ɗauka? Mun tashi? Inna ta mutu?

Da yamma Fadila maƙwabciyarmu ta shigo aron turmi. Ta ce a kasuwa ana ta maganar wani rami ya rufta da masu haƙa a arewa, ba a san ko mutum nawa ba. Sai da ta gama faɗa ta ga fuskar Inna, ta ce, "Ai arewa da faɗi, ya Mariyamu." Ta fita ba turmin.

Inna ta shiga ɗaki. Ba kuka take ba. Wani sauti ne ƙasa-ƙasa, ban taɓa jin irinsa ba.

Ya Allah, ni ce.

Litinin, 31 ga Oktoba

Mota uku muka hau kafin Alhilla Kuku. Ba mu san gidan ba, Inna ta yi ta tambaya a bakin kasuwa har wani mai nama ya ce, "Tsohon nan mai faɗa da kowa? Bayan masallaci."

Yana kan gadon igiya a ƙofar gida, gwiwoyinsa sun kumbura. Da ya gan mu ya ce, "Wa nake gani? Mariyamu! Da Bebiya! Har yanzu ba ta fara magana ba?" Haka yake kirana tun ina ƙarama, in an aike ni kantinsa sai dai in nuna abu da yatsa.

Inna ta gaya masa komai. Ya ce, "Shekara goma sha ɗaya layin nan yana sunana, ko gwangwanin gyaɗa ban gani ba. Yau da ya mutu an tuna da ni, in zo jana'iza."

Inna ta yi dariya, ta farko cikin kwana goma, sai dariyar ta koma kuka. Ya bar wasa. Ya ce, "Ɗan Ibrahimu ɗana ne. Laraba ku jira ni a ƙofarsu, ko da rarrafe ne."

Laraba, 2 ga Nuwamba

Ya zo, da sanda da farar jallabiya da katinsa a cikin leda.

Saurayin ya daddanna. Ya ce e, sunan ya yi daidai. Zuciyata ta fara sauka. Sai ya ce amma lambar ta fita daga hannunsa, an mayar da ita cikin lambobi na musamman saboda bakwai ukun nan. Masu kuɗi suna son irinsu. In muna so mu saya kafin a fitar da ita kasuwa, ga farashi. Ya rubuta a takarda ya turo ta ƙasan gilas. Inna ta ce in karanta mata. Na karanta. Ko gyaɗar shekara guda ta soya ba za ta kai ba.

Baba Salih ya buga sanda a ƙasa. "Ni na zaɓi lambar nan da hannuna a kan tebur a Suk Libya, lokacin kuna roƙon mutane su karɓa kyauta! Yau za ka sayar mini da akuyata?"

"Sistim ne, ya Hajj."

"Kira mini shi Sistim ɗin, in ga ubansa!"

Mutane suka yi dariya. Mai gadi ya raka mu waje da ladabi.

Alhamis, 3 ga Nuwamba

Abdulmajid ya ce akwai ofishin gwamnati a Khartoum da ke karɓar koke a kan kamfanonin waya. Wai in kamfani zai canza tsari dole ya ba da sanarwar kwana talatin, in bai cika ba yankewar ba ta tsaya ba. Ya ce shi ma yana zargin saƙon bai je wa kowa a kan lokaci ba. "Da akwai wanda ya ajiye shi da kwanan watansa. Ku bai shigo muku ba ko kaɗan?"

Inna ta ce a'a.

A hanya na faɗa mata. Ban san yadda ya fito ba. Na ce ya shigo, na karanta, na goge, na je tambaya na kasa.

Ta tsaya cak a tsakiyar hanya. Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Kubra, bakin nan da Allah ya ba ki, na cin gurasar kisra ne kawai?"

Shi ke nan abin da ta ce. Da ta doke ni da ya fi.

Juma'a, 4 ga Nuwamba

Ta uku. Har yanzu tana ɗora wayar a kan tray.

Asabar, 5 ga Nuwamba

Inna ta ƙona gyaɗa kasko guda. Tana tsaye a kanta da ludayi, hayaƙi na tashi, ba ta gani ba. Ba ta kai kasuwa ba. Ba ta yi mini magana sai ta aike.

Tun ranar da aka yanke ban iya buɗe shafin sha ɗaya ga wata ba, ina tsallake shi kamar mai tsallake kwata. Yau na buɗe don in ƙara wa kaina ciwo. Sai ga saƙon kamfanin da na kwafe a ƙasa. Duka. Da kwanan wata, da goma da minti arba'in, har da 'yar gajeriyar lambar da suka turo shi da ita.

Na tafi wajen Abdulmajid. Akwai maza, uku. Ƙafata ta so ta wuce. Na ajiye littafin a kan tebur, na rufe saman shafin da tafin hannu, na nuna masa ƙasan.

Ya karanta. Ya ce, "Sha ɗaya ga Oktoba? Kwana tara ke nan, ba talatin ba!" Ya kira Baba Salih da wayarsa, bai ma yi zancen ruwan Nilu ba.

Inna ta ce ita ba za ta iya wani ofishi ba kuma, ƙafarta ta mutu, kuma in ba ta fita kasuwa ba ba abin dafawa. Ta ce, "Ke kika gani, ke za ki faɗa."

Litinin, 7 ga Nuwamba



Inna ta sa ni a mota, Baba Salih ya tare ni a tashar Suk Arabi, cikin Khartoum. Ofishin a bene na biyu yake, ya hau yana tsine wa wanda ya ƙirƙiro matakala. Wata mata muka samu, Ustaza Hanadi, da farin lulluɓin tobe da tabarau, kofin shayi ya huce a gabanta.

Baba Salih ya fara, tun daga Suk Libya da akuya. Ta saurara kaɗan ta ce, "Ya Hajj, kai ka ga saƙon?" Ya ce shi ko wayar bai taɓa riƙewa ba. Ta ce, "To wa ya gani?"

Suka juyo gare ni.

Na miƙa littafin. Ta ce, "A'a, ya bitti, 'yata. Takardar koke sai da bayanin wanda ya gani, da bakinsa. Ni zan rubuta, ke faɗa."

Fanka tana juyawa.  Baba Salih ya buɗe baki, na san Bebiya zai ce. Sai na tuna Inna a kan kaskon nan.

Na ce, "Ranar Talata ne."

Muryar kamar ba tawa ba. Ta ce in ɗaga kaɗan. Na ɗaga. Na faɗi na ƙara biyu da ƙara uku, da dalilin da ba ma sa kati, da ramin da ya rufta. Larabcina ya yi ta karyewa, wani wuri Hausa ta faɗo ciki, Baba Salih ya gyara. Ta daina rubutu ta ce, "Wata goma sha huɗu, ba ku ji muryarsa ba ko sau ɗaya?" Na ce e.

Ta ce rubutun hannu ba hujja ba ne shi kaɗai, kowa zai iya rubutawa jiya. Amma tunda ga rana ga minti ga lambar da ta turo, za ta nemi kamfani ya fito da nasa bayanin na ranar, ba za su iya cewa sun rasa ba. Kuma daga yau an hana sayar da lambar sai an gama bincike. Ta ce da tun farko mun nemi lambar koke a wajen saurayin nan, dole ne ya ba mu, haƙƙinmu ne. Ba wanda ya taɓa gaya mana.

Sai ta ce za ta ɗauki hoton shafin. Duka, ba rabi ba. Ta duba saman ta ce, "Baƙaƙen namu ne, amma ban gane ko kalma ba. Wane yare ne?" Na ce Hausa. Ta ce, "Ana rubuta shi?" Na ce ni ina rubutawa.

Na manta Baba Salih ya yi karatun allo. Ta fita ɗauko abin ɗaukar hoto, littafin yana buɗe a gabansa kafin ta dawo. Na ga idonsa yana bin layi, har wajen maza huɗu da harshena da ya yi nauyi. Na so ƙasa ta tsage.

Ya rufe shi a hankali ya turo mini. A matakala ya ce, "Rubutun Ibrahimu ne sak." Bai ƙara ba. Ya saya mini lemo, kuma har muka rabu Kubra yake ce mini.

Juma'a, 11 ga Nuwamba

Ta huɗu. Sanduna ba su dawo ba. Takardar koken tana cikin Alƙur'anin Inna.

In ma sun dawo da layin, wa ya ce zai sake gwadawa? Wa ya ce akwai mai gwadawar? Astagfirullah. Na rubuta, ba zan goge ba. Na daina goge abu.

Talata, 15 ga Nuwamba

Ustaza ta ce mako guda. Mako ya wuce. Baba Salih yana kwance da gwiwa. Na ce wa Inna zan je. Ta ce, "Ke kaɗai?" Na ce na san motar.

Ban taɓa haye gada babu mai jirana a can ba. Yaron mota ya wuce da ni tasha ɗaya don ban ɗaga murya ba, na dawo da ƙafa.

Na ce, "Na zo tambayar takardata." Ustaza ta cire tabarau ta ce, "Mai littafi!" Kamfani bai amsa ba. Ta kira su a gabana. Ban san mace tana iya yi wa kamfani irin wannan magana ba, ba ihu, ba zagi, tana dai maimaita kwanan watan kamar mai buga ƙusa. Ta ajiye ta ce, "Sun gano wai wani rukunin layuka saƙonsu ya makara. Wai."

Alhamis, 17 ga Nuwamba

SANDUNA HUƊU.

Ina shara na ji ta yi ƙara. Saƙo ne: suna ba da haƙuri, an mayar da layi, an ba mu minti sittin kyauta. Na kwafe shi. Abdulmajid ya sa mana ƙaramin kati, ya ce in rubuta ranar, kada sittin ta sake cika.

Inna ta yi sujada a tsakar gida, goshinta duk ƙasa. Gobe Juma'a.

Juma'a, 18 ga Nuwamba

Babu.

Sanduna huɗu, caji cike, tun azahar har magariba. Babu.

Inna ta ce, "Da layin ne ya mutu, ina da abin zargi." Ta mayar da tray ɗin ɗaki.

Asabar, 19 ga Nuwamba

Minti sittin. Lambobi hamsin da uku a bayan littafi, wasu sun maimaitu.

Na zauna bayan ɗaki inda ba mai ji. Na rubuta abin da zan faɗa, na karanta sau biyar. Abdulmajid suna ya tambaya, shi ya sa ba a gane Yaya ba. Wa ya san sunan uban wani a bakin rami? Ni na ce: dogo, Bahaushe, da tabon ƙuna a hannun hagu, ba ya rabo da gyaɗa a aljihu.

Na farko a kashe. Na biyu mace ce a Atbara, ta ce mijinta ya sayar da wayar. Na uku ya ce muryata da daɗi, in ƙara magana. Na katse, na yi kuka, na kira na huɗu.

Goma sha ɗaya yau. Saura minti arba'in da ɗaya.

Litinin, 21 ga Nuwamba

Na ashirin da shida. Wani dattijo, iska tana kaɗawa a bayansa, da ƙyar nake ji. Na kai wajen gyaɗa sai ya ce, "Abu Ful, sarkin gyaɗa? Mai waƙar lamba?"

Na ce, "Yana da rai?"

Ya ce rabonsa da shi mako uku, sun tashi daga wancan wurin bayan abin da ya faru, kowa ya kama gabansa. Amma ya gan shi da ƙafafunsa bayan ruftawar. Ya ce akwai mai tankar ruwa da ke zaga ramuka, zai ba shi saƙo. Na ce a gaya masa lambar tana nan, Inna tana nan, ya buga. Na faɗa sau uku har ya ce, "Na ji, ya bitti, ai ba kurma ba ne ni."

Na gaya wa Inna. Ta riƙe hannuna ta ce in sake faɗa daga farko, kada in tsallake komai.

Juma'a, 25 ga Nuwamba

Biyu da minti goma. Ɗaya. Inna ta ɗaga hannu.

Na ɗauka.

Inna ta ce, "Ke! Ba a ɗauka!" Na ce, "Yaya, katse, zan kira ka yanzu." Na kira da sauran mintinmu.

Ya ce, "Wace ce? Ina Inna?" Na ce Kubra ce. Ya ce, "Kubra tamu?" Muryarsa ta tsufa. Ya ce abokinsa Uthman yana cikin ramin, da hannunsa ya tono shi. Ya ce, "Ranar uku na zo yi. Ban taɓa yi ba, ranar na so in ji Inna. Aka ce lambar ba ta aiki. Na ari waya biyar. Na ɗauka kun ƙare ku ma."

Na ce laifina ne. Ya ce laifin me. Na ce labari ne mai tsawo, minti ba zai isa ba, na miƙa wa Inna.

Sun ci minti goma sha tara. 

Asabar, 26 ga Nuwamba

Inna ta soya kasko biyu, ta ware gwangwani uku na Baba Salih, wai kuɗin haya na shekara goma sha ɗaya. Ni zan kai.

Mun canza tsari mu ma. Biyu, lafiya. Uku, ku kira. Amma Juma'ar farkon kowane wata ni zan kira shi, ko ya so ko bai so ba, kati ai dole ne a sa yanzu.

Fadila ta shigo da wayarta a hannu. Nata layin ma tun ranar ashirin ɗin yake a yanke, da sunan mijin yayarta, ta haƙura ta yi shiru. Wai Abdulmajid ya ce ta zo wajena. Ta ce, "Ni ban iya maganar ofis ba, Kubra. Ki raka ni mana, ke ki yi musu bayani."

Inna ta kalle ni ta gefen ido tana juya gyaɗa.

Na ce zan gani. Ni ba wata magana na iya ba, littafi ne ya yi.

Na dai wanke mayafina, ya kamata a wanke shi dama. Kuma motar bakwai da rabi ta fi, kafin layi ya yi tsawo.